Kuɗi Dunƙule: Yadda Matafiyi Zai Ci Moriyar Abin da Ya Biya

Tsarin da mutum zai biya kuɗi sau ɗaya a ɗauke masa nauyin sufuri da masauki da abinci, a kan layin dogo ya samo asali. A 1841 wani Bature mai suna Thomas Cook ya yi shatar jirgin ƙasa a Ingila, ya kwashi mutum kusan 500 daga garin Lesta zuwa Lofbora, kowa a kan sule ɗaya. A 1950 kamfanin Club Med ya buɗe wurin shaƙatawa a tsibirin Mayoka na ƙasar Sifen, inda ci da kwana da wasanni duk suke cikin farashi guda.

Kano ma dogo ne ya sauya mata salon tafiya. Da ya iso a 1911, Sabon Gari ya kafu kusa da tasha don baƙi, Fagge kuwa da ma zangon fatake ne. Har yau a wannan yanki ake ƙulla harkar tafiya: ga masu shirya Umara da zuwa Dubai ko Masar, ga ’yan canji a Wapa, ga masu haɗa iyalai da ’yan makaranta zuwa Yankari.

Don cin moriyar irin wannan tafiya, abu na farko shi ne tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. “Komai yana ciki” magana ce mai daɗin ji, amma sai an warware ta. Abinci sau nawa a rana? Mota daga filin jirgi zuwa masauki fa? Ɗaki mutum nawa? Yaro ɗan shekara nawa ne yake biyan cikakken kuɗi? Mai zuwa Umara ya tambayi sunan otal da nisansa da Harami, don masauki mai araha da ke nesa yakan cinye rarar a kuɗin tasi da gajiyar ƙafa. Ya kuma tabbatar kamfanin yana da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa.

Na biyu shi ne lokaci. Yankari ta isa misali. Wannan gandun daji na Jihar Bauchi, da aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama’a a 1962, ya zarce murabba’in kilomita 2,200. Da damina ciyawa takan rufe ko’ina, ruwa yana kowane kwari, dabbobi su bazu. Da rani kuwa ƙishirwa ce ke jawo giwa da ɓauna da gwanki bakin kogin Gaji. Wanda ya je a lokacin da bai dace ba, ya biya kuɗin gani amma bai gani ba. Ko a cikin yinin ma, fitar sassafe da ta yamma su ne masu riba. Da rana ta take, namun daji sun shige inuwa. A wannan tsakanin ne ya kamata a gangara maɓuɓɓugar Wikki, mai ruwa garau har ana hango yashin ƙasa, ɗuminsa kusan digiri 31 dare da rana. A dai rufe ƙofa da tagar masauki, domin gwaggon biri na wurin ya ƙware wajen warce ledar abinci. Kafin a tashi daga Kano, a bincika ko kuɗin shiga da na motar zagaya daji suna cikin lissafi.

Na uku shi ne hali. Wasu kan ga tunda sun biya, dole su cika faranti har a zubar. Wannan almubazzaranci ne, kuma ba nan ribar take ba. Shinkafa akwai ta a gida. Abin da babu a gida shi ne ɗan jagoran da ya san sawun giwa, da ranakun da uba zai zauna da ’ya’yansa ba kiran kasuwa. A kan waɗannan ya kamata a ƙarar da lokaci.

A riƙe guzuri daban don tsaraba da magani da ɗan ihsani ga ma’aikatan masauki. Kuma duk abin da aka yi alkawari da baki, a sa shi a takarda kafin a miƙa ko kwabo, in an biya kuma a karɓi rasit. Kamfanin da ya ƙi rubuta alkawarinsa ya riga ya gaya maka yadda tafiyar za ta kasance.