Haƙorin Murɗi da Injin Ɗab'in Roba

Da yawa daga cikin kayan da ake jinginewa a lungun ɗaki, har ranar da 'yan jari-bola za su zo su auna su a sikeli, lafiyarsu ƙalau, illa dai wani ɗan guntun roba da ke riƙe da su ya fashe ko ya ɓata. Kuma in aka yi tahƙiƙi, galibi sai a tarar guntun nan mai murɗi ne, kamar notin da ke danne farfelar fanka, ko murfin jarka, ko zoben da ke ɗaure gindin kofin injin markaɗe. Mai kanti ba ya sayar da shi shi kaɗai, kamfanin da ya ƙera shi kuwa yana wata uwa duniya, saboda haka sai a naɗe wurin da tsumma ko robar tayar keke a yi ta maneji. Zubar da fanka sukutum saboda noti guda wani nau'i ne na israfi, ko da yake ba da son ran mai ita ba ne.

A zamanin nan an sami injin da ke iya toshe wannan kafa, wanda ake kira injin ɗab'i na 3D. Yadda yake aiki shi ne, ana ba shi zaren roba mai kaurin milimita 1.75 a naɗe a jikin ƙwarya, ya ja shi zuwa wani tsinin baki mai zafin da ya kai digiri 200 ko fiye, ya narkar da shi, ya riƙa zubo shi siriri ta ƙofar da yawanci ba ta wuce milimita 0.4 ba, yana zagayawa yana ɗora layi a kan layi kamar yadda maginiyar tukwane ke ɗora igiyar yumɓu bisa 'yar'uwarta har tulu ya tashi. Wani Ba'amurke mai suna Scott Crump ne ya nemi rajistar wannan dabara a 1989, kuma muddin haƙƙin mallakarta yana hannun kamfaninsa na Stratasys, injin bai cika fita daga manyan masana'antu ba. A 2005 wani malami a Jami'ar Bath ta Ingila, Adrian Bowyer, ya soma aikin da ya sa wa suna RepRap, ya kuma saki zanen injinsa kyauta ga duk mai so. Da wa'adin rajistar Crump ya cika a 2009 sai farashi ya karye, injin ya shiga ɗakunan talakawa.

To, amma wanda ya sayi injin nan da zaton ya gama da matsalar murfi da noti, zai ga cewa injin shi ne mafi sauƙin sha'anin. Abin da aka zana masa kawai yake bi, alhali haƙorin murɗi ilmi ne mai zaman kansa, mai ƙa'idoji da mazhabobi, wanda injiniyoyi suka yi fiye da ƙarni guda suna saɓani a kansa. A farkon zamanin injuna kowace maƙera a Ingila da irin haƙorin da take yankawa, ta yadda notin wannan ba ya hawa kusar wancan, har Joseph Whitworth ya kawo shawara a 1841 cewa a yi ittifaƙi a kan siffa ɗaya, mai kusurwar digiri 55. Mutanen Amurka ba su bi shi ba, suka ɗauki ta William Sellers na Filadelfiya, wanda a 1864 ya zaɓi digiri 60 don ta fi sauƙin yankawa. Wahalar da wannan saɓani ya jawo a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kayan gyaran Amurka suka ƙi shiga injunan Ingila, ita ta sa ƙasashen biyu tare da Kanada suka haɗa mizani guda a 1949. Yau mafi yawan duniya tana bin mizanin milimita, shi ma mai digiri 60, inda za a ce M6, watau kusa mai kaurin milimita 6 da tazarar milimita 1 tsakanin haƙori da haƙori, ko M8 mai tazarar 1.25, ko M10 mai 1.5.

Duk da haka Whitworth bai mutu ba, yana nan a banɗakunanmu. Bututun famfo da kan famfo a Nijeriya da Gana gadon Ingila ne, haƙoransu na digiri 55 ne, kuma abin da mai gyaran famfo ke kira rabin inci, in ka ɗora masa ma'auni a bayan haƙoran za ka sami kusan milimita 21, domin sunan ya samo asali daga ramin bututun, da haƙora 14 a kowane inci. Na Amurka mai wannan suna shi ma haƙora 14 gare shi, sai dai kusurwarsa dabam ce, don haka yakan shiga ya yaudari mutum, sa'an nan ya yi ta yoyo. Kayan roba na gida kuwa, irin su jarka da fulas da kwalabe, sau da yawa ba su bin ko ɗaya daga cikin waɗannan, kowane kamfani da ijtihadinsa, kuma haƙoransu manya ne masu faɗi, wani gefen a miƙe wani a kwance.

Saboda haka rukunin farko na aikin shi ne awo, kuma a nan ne mafi yawan masu koyo ke faɗuwa saboda gaggawa. Ana bukatar ma'aunin Vernier, mai baki biyu da ke matse abu, a auna kauri a kan tsinin haƙora, a kuma auna a cikin kwarinsu. Tazara ba a auna ta daga haƙori ɗaya, domin kuskuren ido ya fi ta girma. Sai a ƙirga haƙora da dama a auna tsawonsu a raba, in kuwa wurin ya yi ƙunci a danna shi a jikin sabulu a auna shaidar da ya bari. Daga nan a duba bakin abin a ga ko haƙori ɗaya ne ya faro ko biyu ko uku, gama wasu murafan kwalba haƙora da yawa ke tafiya tare domin su rufe da ɗan juyi kaɗan. A ƙarshe a tabbatar da hannun da yake ɗaurewa. Notin farfelar fanka ta tsaye galibi hagu yake ɗaurewa, kamar fedar hagu ta keke, kuma hikimar hakan ita ce juyin injin ya riƙa ƙara matse shi maimakon ya kwance shi. Wanda ya gafala da wannan zai ɗab'a noti kyakkyawa wanda ba zai taɓa hawa ba.

Zanen kansa a kwamfuta ake yi, da manhajoji irin su FreeCAD da OpenSCAD waɗanda kyauta ne, ko Fusion na kamfanin Autodesk, sa'an nan wata manhaja kamar Cura ko PrusaSlicer ta yayyanka siffar zuwa layuka ta rubuta wa injin hanyar da zai bi. Mas'alar da ba ta bayyana a zahirin zane ita ce ta sarari. Narkakkiyar roba tana ɗan bazuwa in ta sauka, tana kuma tsukewa in ta huce, shi ya sa rami kan fito ya fi yadda aka zana shi ƙanƙanta. Wanda ya zana noti daidai wa daida da kusarsa, to, ya zana abin da zai cije. Wajibi ne a bar rata ta wajen milimita 0.1 zuwa 0.3 tsakanin namiji da mace, watau kusa da noti, kuma tun da kowane inji da ɗabi'arsa, hanya mafi aminci ita ce a fara ɗab'a ɗan siririn zobe mai haƙora biyu ko uku, a gwada, a gyara lissafi, kafin a ɓata sa'o'i a kan cikakken murfi. Yana da kyau kuma a ɗan fafe bakin ramin, domin layin farko da ke manne da farantin injin yakan baje ya toshe mashiga.

Girman haƙori shi ke yanke hukuncin abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. In injin yana ɗora layi mai kaurin milimita 0.2, haƙorin M6 layi biyar kacal zai samu, na M3 kuwa mai tazarar rabin milimita bai kai uku ba, abin da zai fito sai dai a kira shi kaushi. A ra'ayina duk abin da ya gaza M6 ɓata lokaci ne a ɗab'a shi. Gara a bar gurbi mai kusurwa shida a cusa notin ƙarfe na kasuwa, ko a sayi ƙananan zobban tagulla masu haƙori a ciki waɗanda ake nutsarwa cikin roba da ƙarfen narka dalma irin na masu gyaran rediyo. Manyan haƙoran jarka da na fanka kuwa, su ne injin ya fi gwanancewa a kansu, musamman in an tsayar da abin a tsaye ramin yana kallon sama, an kuma yawaita bangonsa ya kai layi huɗu ko fiye. Sai dai tsayuwar nan tana da aibi ga doguwar kusa, domin raunin duk abin da aka ɗab'a yana a mahaɗar layuka, in aka matsa ta sai ta ɓalle a nan kamar an yanka. Murfi da noti sun jure wannan, kusar da za ta ɗauki nauyi kuwa a bar wa ƙarfe.

Sai zaɓen roba, wanda a ƙasarmu ya fi muhimmanci fiye da yadda littattafan Turai ke nunawa. Wadda aka fi sayarwa, PLA, daga sitacin masara ko rake ake yin ta, tana da sauƙin ɗab'i da kyan gani, amma tana fara laushi a wajen digiri 60, kuma wanda ya san cikin motar da aka rufe a rana a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu ya san wannan adadi ba nesa yake ba. Ko ba zafi ma, in ta daɗe a matse takan saki a hankali, noti ya yi sako-sako. PETG, 'yar'uwar robar gorar ruwa, tana jurewa zuwa wajen digiri 80, ba ta da saurin tsagewa, ita ce ta fi dacewa da yawancin aikin gida. ABS ta fi su jure zafi, sai dai tana wari tana kuma lanƙwashewa wajen ɗab'i, abin da zai zauna a rana kuwa ASA ta fi masa. Da damina a adana zaren a rufaffen mazubi, don yana shan laima ya riƙa tartsatsi a bakin injin.

Akwai wuraren da mafsada ta rinjayi maslaha, waɗanda bai halatta mai hankali ya kusance su ba: kan tukunyar gas, da duk abin da ya shafi birkin mota ko babur, da mazaunin ƙwan lantarki mai zafi. Bututun da ruwa ke ciki da ƙarfi dare da rana shi ma abin shakka ne, gama ruwa kan sami hanya ta tsakanin layuka. Tsagogin nan kuma matattarar dauɗa ce da wanki ba ya kaiwa, don haka murfin jarkar kananzir ko ta ruwan wanki ya fi murfin kwalbar jariri cancanta nesa ba kusa ba, da sharaɗin a sa masa zoben roba mai laushi a ciki, domin haƙori matsewa kawai yake yi, zoben ne ke tare yoyo.

Injin ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma, domin tun a 2013 wani mutumin Togo, Afate Gnikou, ya harhaɗa nasa a Lome daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintoci. Babban cikas a wajenmu wuta ce, tun da murfi guda kan ci sa'a ɗaya ko biyu, in aka ɗauke a tsakiya kuma sau da yawa aikin ya tashi a banza. Amma ƙaramin inji ba ya cin wuta da yawa, batir da farantin sola na gida suna iya ɗaukarsa. Ba kowane gida ke bukatar nasa ba. Ƙwarya guda ta zare kilo ɗaya ce, noti kuwa 'yan giram ne, saboda haka inji ɗaya a shagon mai gyaran fanka, a hannun yaron da ya iya awo ya kuma adana zanen kowane noti da ya taɓa yi, ya ishi unguwa guda.