Shin Ko Kun San? Daga Kasuwar Iware Zuwa Bakin Tafkin Chadi

Shin ko kun san cewa mu da muke shan ruwan Binuwai 'yan uwan mutanen Tafkin Chadi ne ta wajen ruwa? Kimanin shekaru 7,000 da suka wuce, tafkin ya yi girman da ya kai na teku, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 300,000. A wancan zamani, idan ya cika ya batse, ta kogin Mayo Kebbi yake amayar da ruwansa zuwa Binuwai, ya bi ta inda Yola da Lau da Ibi suke a yau. Har gobe, in damina ta yi ƙarfi, ambaliyar kogin Logon kan ratsa fadamun ƙasar Tupuri ta faɗo Mayo Kebbi. Wato ruwan da ya kamata ya tafi Chadi, wani lokaci mu yake kawo wa ziyara.

Shin ko kun san tafkin ba shi da kogin da ke fitar da ruwansa zuwa teku, amma ruwan daɗi ne, mutum da dabba duk suna sha? Kogin Shari da Logon ne ke kawo kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan. Namu na Najeriya, Komadugu Yobe, wanda kogunan Haɗeja da Jama'are suke haɗuwa su haifa, ɗan gudummawa kawai yake bayarwa. A 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000, amma farin shekarun 1970 da 1980 ya tsotse mafi yawansa.

To, ga wanda ya fi ba ni mamaki. Musulunci ya shiga fadar Kanem tun ƙarni na 11, zamanin Mai Hume. A ƙarni na 13 sarakunan daular har masaukin ɗalibai da alhazai suka kafa a Alƙahira. Amma shin ko kun san Buduma, masu kiran kansu Yedina, waɗanda ke zaune a tsibiran tsakiyar tafkin, sun ci gaba da addinin kakanninsu har kusan farkon ƙarni na 20? Shekaru wajen ɗari takwas ke nan, malami na karantar da allo a gaɓa, maƙwabcinsa na cikin tsibiri yana girmama ruwa da abin da ke cikinsa. Ba a ce kullum lafiya aka zauna ba, don Buduma sun yi suna wajen kai hari gaɓa cikin jiragensu na ciyawar ruwa da suke kira kadai. Sai dai ciniki bai tsaya ba. Su ne ke ƙetarar da kanwa daga Kanem zuwa gaɓar Borno, su karɓi gero da tufafi. Mai buƙatar kanwa ba ya tambayar matuƙin jirgi inda yake fuskanta in zai yi addu'a.

Ku dillalan kasuwar shanu ta Iware, wannan naku ne: akwai shanun Kuri, farare masu ƙahoni kumburarru kamar tulu, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa, makiyayi na biye da su cikin ruwa. In aka raba su da tafkin, ba sa jin daɗin rayuwa.

Shin ko kun san da yawa daga cikin sunayen sabbin ƙauyukan bakin tafkin na Hausa ne, alhali ƙasar ta Barebari ce? Ga Doron Baga, ga Daban Masara, ga Tumbun Gini. Lokacin da fari ya kori mutane daga gonakinsu, Hausawa daga Sakkwato da Kabi da Haɗeja suka yi ta kwarara can, wasu su kama su, wasu su shuka masara da wake a dausayin da ruwa ya ja baya ya bari. Can suka tarar da wasu, wasu kuma suka tarar da su: Barebari da Larabawa Shuwa da Kotoko, Jukunawan bakin Binuwai da suka gaji su daga kakanni, Sara da Masa daga kudancin Chadi waɗanda da yawansu Kiristoci ne, da Inyamurai 'yan kasuwa masu loda banda zuwa Anacha. Har daga Mali masunta suka zo, kuma su ake danganta wa gura, tarkon kifin da ake jerawa a yi dumba. Ranar Juma'a wasu jirage su kwana a kwata, ranar Lahadi wasu. Tarwaɗa da karfasa kuwa wuta ɗaya ake banda su, kuma Hausa ce harshen ciniki.

Ruwan ma ba ruwansa da iyaka. Da ya ja baya, masunta suka bi shi har suka kafa garin Darak, suna ganin a Najeriya suke. Kotun Duniya ta yanke hukunci a 2002 cewa yankin na Kamaru ne, Najeriya ta janye a ƙarshen 2003. Tun 1964 ƙasashe huɗu, Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, suka kafa Hukumar Tafkin Chadi don irin wannan rigima.

Abin da ya tarwatsa wannan zama shi ne rikicin Boko Haram. Harin Baga na watan Janairun 2015 bai tambayi kowa addininsa ba, masallaci da coci duka an bar su kango, mutane suka tsallaka zuwa Chadi da Diffa, wasu suka cika sansanonin Maiduguri. Aka daɗe an hana kamun kifi da jigilarsa, kuɗin banda ya tashi har a kasuwanninmu na nan.

Na ƙarshe: shin ko kun san jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa tonowa a Afirka daga wannan yanki ya fito? A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da katako. Kwalekwale ne mai tsawon mita takwas da ɗoriya, shekarunsa kusan 8,000. Yana ajiye a Damaturu.