Yadda Ake Yanka Tayil Ba Tare Da Asara Ba

'Yan'uwa manoma, bayan kaka idan an sayar da amfanin gona, wasu daga cikinmu sukan so su shimfiɗa tayil a ɗaki ko a wurin wanka. Shimfiɗawar ba ita ce wahala ba. Inda kuɗi yake zubewa shi ne wurin yanka, gama tayil ɗin da ya fashe ba ya ɗinkuwa.

Tayil yumɓu ne da aka gasa da wuta mai tsanani, aka rufe fuskarsa da wani abu mai santsi kamar gilashi. Saboda haka ba a sa masa zarto kamar katako. Ana tsaga fuskar ne da layi ɗaya, sa'an nan a karya shi. Amma kafin mu taɓa shi, sai mu ɗiga ruwa a bayansa. Idan ya shanye ruwan, mai taushi ne, zai karyu da hannu. Idan ruwan ya tsaya, mai tauri ne, sai da inji.

Aikin yana farawa tun wurin awo. Bari mu ɗauki ɗaki mai ƙafa 12, wato kusan santimita 366, da tayil mai santimita 40. Idan muka fara daga jikin bango, guda 9 za su shiga, a bar ɗan fili na wajen santimita 6 a ɗaya bangon. Irin wannan siririn yanki ba ya karyuwa daidai, kuma yana ɓata ɗaki. Ya fi kyau mu jera guda 8 a tsakiya, kowane gefe ya sami yanki na wajen santimita 23. Guntayen da suka rage ba na zubarwa ba ne. A raba kowanne biyu a manna a gindin bango. Kada mu auna wuri ɗaya mu yanka duka, domin ba kasafai bangon gidajenmu yake miƙewa sosai ba. Kowane tayil da nasa awo.

To, ga yadda ake yi. A ja layi da fensir a fuskar tayil. A ɗora rula ta ƙarfe ko katako madaidaici, a danne, a ja abin yanka gilashi daga baki zuwa baki, sau ɗaya tak, da ƙarfi daidai. Za mu ji yana ƙara kamar ana yaga takarda. A nan ne da yawa suke kuskure: sai su koma su bi layin sau biyu ko uku, suna tsammani zai fi zurfi. Wannan yana tsattsage santsin, karyewar kuma ta bauɗe. Bayan haka a sa doguwar ƙusa ko waya a ƙarƙashin layin, a danna gefe biyu da tafin hannu a lokaci ɗaya. Zai rabu. A goge bakin da dutsen wasa wuƙa, gama yana da kaifi kamar reza, a kuma juya shi wajen bango.

Inda bututun famfo ya fito, a raba tayil ɗin biyu daidai tsakiyar wurin, a riƙa gutsurar kowane rabi da filaya kaɗan kaɗan har bututun ya shiga. Mai gaggawa a nan zai sayi wani.

Akwai injin hannu mai ɗan gare da sanda, wanda yake tsagawa ya kuma karya, ba ya bukatar lantarki. A ganinmu, ba lalle kowane gida ya saya ba. Ƙungiya ta sayi ɗaya, ma'aji ya riƙe, a riƙa ba da aro bi da bi.

Sai maganar injin lantarki mai faifai, wanda birkiloli suke amfani da shi. Yana da sauri, amma farar ƙurar da yake tayarwa garin dutse ne. Idan ta taru a huhu tana kawo ciwon da ba ya warkewa, kuma ba ya nuna kansa sai bayan shekaru. Ɗaura ƙyalle a hanci bai isa ba. A yi aikin a waje, iska tana kaɗawa daga bayanmu, a riƙa jiƙa layin da soso, amma kada ruwa ya taɓa injin ko wayarsa. A sa tabarau na kare ido da takunkumin ƙura na ainihi, kada a cire murfin faifan, a kuma kori yara daga wurin. In an gama a yayyafa ruwa kafin a yi shara.

Wurin saye, a ƙara kwali ɗaya a kan kowane goma, a duba lambar jikin kwalin ta zama iri ɗaya. Wanda ya koma kasuwa bayan wata guda yakan tarar launin ya ɗan sāke.