Rumbun Bayanai na Gida: Abin Dubawa Kafin a Fitar da Kuɗi

A watan Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a mafi yawan Sudan, aka yi makonni ba intanet. Wanda ya ajiye takardunsa a Google ko WhatsApp ya zama kamar bai ajiye ba. A ƙarshen Yuni kuma yaƙi ya iso Singa, jama'ar garin da na Abu Hujar da ƙauyukan bakin Shuɗin Nilu suka fita da abin da hannu zai iya ɗauka. Wayoyi da yawa sun salwanta a hanya, sun tafi da hoton takardar gona, da shaidar makarantar yara, da hotunan aure, da karatun malaman da suka riga mu gidan gaskiya. Tun daga nan, tambayar inda iyali za su ajiye bayanansu ta shafi kowa, har da wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba.

Ɗaya daga cikin amsoshin shi ne rumbun bayanai na gida, wanda 'yan kasuwa ke kira NAS. Ƙaramar kwamfuta ce mai faifan ajiya ɗaya ko biyu, a haɗe da rautar gida. Duk wayar da ta hau Wi-Fi ɗin gidan za ta iya zuba abu ko ta ɗebo, ko akwai intanet ko babu. Tana da amfani ga gida mai yawa, da makarantar allo mai tarin karatuttuka, da ƙungiyar manoman riɗi da dawa masu lissafin bashi da na buhuna. Sai dai yawancin shawarwarin da ake samu a kanta an rubuta su ne don gidajen Turai da Amurka, inda wuta ba ta ɗaukewa kuma ɗaki na da sanyi. Mutumin Abu Hujar dole ya fara lissafinsa daga wani wuri dabam.

A fara da wuta. Madatsar Sennar, wadda aka gama a 1925, da ta Rusairis ta 1966, duk a kan Shuɗin Nilu suke, amma kowa ya san yadda lantarki yake a ƙauyuka, shi ya sa gidaje da yawa suka koma sola. Na'urar da za ta kwana a kunne, kowane wat nata abin ƙirgawa ne. Tsohuwar kwamfutar tebur mai jan wat 70 tana shan kusan wat-awa 1,700 a yini da dare. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe wat-awa 1,200, kuma rabinsa kawai ake sha in ana so ya daɗe. Ke nan kwamfutar za ta zuƙe shi kafin asuba, a bar gida ba fanka ba fitila. Na'ura mai jan wat 15 kuwa wat-awa 360 ta ishe ta. Saboda haka tsohuwar kwamfutar da aka samu kyauta ita ce mai tsada.

Zaɓi uku ne suka dace. Akwai na'urorin da aka haɗa tun daga kamfani, irin na Synology da QNAP: a sa faifai, a kunna, manhajarsu na ciki. Sun fi sauƙi, sun fi tsada, kuma in wani abu ya lalace sai an aika waje. Akwai Raspberry Pi 4 ko 5, allon da bai wuce tafin hannu ba, mai aiki da bolt 5 kamar waya, amma yana son mai haƙurin koyo. Sai ƙananan kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar Intel N100, da yawansu bolt 12 suke ci, abin da ke ba da damar jona su da batir ta hanyar na'urar daidaita wuta, ba sai an bi ta inbata ba. Kada kuma a raina tsohuwar laftof: wutarta kaɗan ce, kuma batirinta na riƙe ta idan wuta ta ɗauke farat ɗaya, abin da kan lalata bayanai a lokacin da ake rubuta su.

Faifai shi ne inda bai kamata a yi rowa ba. Babban faifai mai juyawa, na inci 3.5, ya fi arha a kan kowane terabayit, amma yana buƙatar bolt 12, yana zafi, kuma faɗuwa ɗaya na iya kashe shi. In za a saye shi, a nemi wanda aka yi don aikin dare da rana, kamar Seagate IronWolf ko WD Red Plus. A duba a ga an rubuta CMR, domin a 2020 ta bayyana cewa wasu faifan WD Red na tsarin SMR ne, masu nauyin jiki idan ana sake kwafar bayanai masu yawa. Faifan SSD ba ya juyawa, ba ya tsoron jijjigar mota, kuma yana shiga aljihu, sai dai kada a jefa shi a akwati shekara da shekaru ba a kunna ba, musamman a wuri mai zafi. Ga iyalin da takardu da hotuna ne damuwarsu, terabayit 1 ko 2 ya wadatar. Bidiyo ne mai cin wuri.

Zafi da ƙura su ma abokan lissafi ne. A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano kuwa ya fi haka. A ɗora na'urar a kan kanta a ɗakin ƙasa mafi sanyi, nesa da taga, kada a lulluɓe ta da zane. Bayan kowace guguwar habub a kashe ta a busa ƙurar fankarta. Da damina, in an ga hadari mai tsawa, a zare wayoyinta.

A ɓangaren manhaja, OpenMediaVault kyauta ce, an gina ta a kan Debian, ba ta da nauyi, kuma tana tafiya ko a Raspberry Pi. TrueNAS ita ma kyauta ce, tana amfani da tsarin ZFS mai gano ɓarnar da ta shiga fayil a ɓoye, amma tana son RAM aƙalla gigabayit 8. Unraid ta kuɗi ce, kuma biyan kuɗi ta intanet daga Sudan wahala ce. Ga mai farawa, OpenMediaVault ta isa. A ƙara Syncthing don hotunan waya su riƙa kwafar kansu da zarar an shigo gida, da Kiwix don yara su karanta Wikipedia ta Larabci da ta Hausa ba tare da intanet ba.

Abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne, rumbun nan shi kaɗai ba kariya ba ne. Faifai biyu masu kwafar juna, tsarin da ake kira RAID 1, tamkar rumbu biyu ne a gida ɗaya: in gara ta ci ɗaya, ɗayan ya tsira, amma gobara ko ɓarawo ba sa zaɓe. Fayil ɗin da yaro ya goge bisa kuskure ma yana gogewa a duka biyun. Buɗe na'urar ga intanet shi ma haɗari ne. A Yunin 2021 an share bayanan masu WD My Book Live daga nesa, a 2022 kuma 'yan kutse suka kulle na'urorin QNAP da manhajar DeadBolt suna neman kuɗin fansa. A bar ta a cikin gida, a canja kalmar sirrin da ta zo da ita.

Ƙa'idar masana ita ce kwafi uku: ɗaya a waya, ɗaya a rumbun gida, ɗaya a wani gari. Na ukun ya zama ƙaramin faifai mai kalmar sirri, a damƙa shi ga ɗan'uwa a Mai Wurno ko Wad Madani ko Gadarif, a riƙa sabunta shi duk bayan girbi, a kuma buɗe shi a tabbatar yana karantuwa. Wanda kuɗinsa bai kai na rumbu ba, ya sayi ƙananan faifai biyu ya raba su gari biyu. Hakan ya fi na'ura mai tsada da ke zaune ita kaɗai a ɗaki ɗaya.