Rumbun da ba a zuba masa hatsi

Wanda ya taso daga Damagaram ya bi hanyar Agadas, in ya yi tafiyar kamar kilomita 140, zai iso Tanut. Nan ne tsakiyar ƙasar Damargu. Yamma da Tanut akwai Belbeji, wadda aka mai da gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011. Tun zamanin da an san Damargu da gero. Ayarin Abzinawa kan sauka nan, su loda wa raƙuma hatsi, su nufi arewa. Wani matafiyi ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya ratsa ƙasar a farkon shekarar 1851, har ya rubuta labarin gonakinta.

Saboda haka ba yaron Damargu da za a koya wa abin da ake nufi da rumbu. Ana ɗaga shi daga ƙasa don gara da damshi. Ana kifa masa jinka don ruwa da rana. Gida guda ke ci daga cikinsa, amma ba kowa ke buɗe shi ba.

To, yanzu mutane suna da wata dukiya wadda ba ta shiga irin wannan rumbu. Akwai hoton takardar haihuwa, da hoton takardar gona. Akwai muryar ɗan'uwa da ya tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya. Akwai karatun malam, da hotunan biki, da darussan makaranta. Galibi duk suna cikin salula, a kan wani ɗan kati da bai kai farce girma ba. Ran da salula ta faɗa rijiya, ko aka zare ta daga aljihu a kasuwa, shi ke nan, abin da aka tara shekara da shekaru ya tafi. Ga kuma yawan cika: in an so ɗaukar sabon hoto, sai an goge tsoho.

Maganin wannan shi ne a yi wa gida rumbu na na'ura. Da Faransanci ana ce masa serveur, da Hausa kuwa wasu na ce masa uwar garke. Kwamfuta ce wadda ba a zama gabanta ana aiki. Ana ajiye ta wuri guda, a bar ta a kunne. Aikinta ta karɓi ajiya daga wayoyin gida, ta tsare, ta ba wanda ya nema.

Ba sai babbar kwamfuta ba. Tsohuwa ma tana yi, sai dai tana da cin wuta. An fi amfani da wata ƴar ƙarama mai suna Raspberry Pi, wadda aka ƙago a birnin Kambirij na Ingila don koya wa yara, aka fara sayar da ita a shekarar 2012. Girmanta bai wuce tafin hannu ba. Ana sa mata ɗan kati mai ɗauke da Linux, watau tsarin da ke tafiyar da ita, wanda ake samu kyauta. Sa'an nan a jona mata faifan ajiya. Shi ne cikin rumbun. Faifai mai terabayit 1 yana ɗaukar gigabayit 1000. In hoto guda ya ci megabayit 3, faifan zai ɗauki hoto fiye da 300,000. Daga nan sai a ƙara wata manhaja mai suna Samba, wadda ke raba faifan ɗaki-ɗaki: na maigida, na uwargida, na ƴan makaranta, da na kowa da kowa.

Yaya ajiya ke zuwa daga salula zuwa rumbu? Ta wifi. A nan mutane da yawa kan ruɗe, su zaci wifi da intanet abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Intanet kamar babbar hanyar mota ce da ke haɗa gari da gari. Wifi kuwa kamar ƴar hanyar da ke tsakar gida ce, daga ɗaki zuwa rumbu. Ƴar na'urar da kanta tana iya watsa wifi. Wayoyin gida su kama, su yi magana da ita, ko da babu intanet a ƙauyen gaba ɗaya, kuma ba a kashe ko dala. Kowace na'ura a wannan zumunci tana da lambarta, irin su 192.168.1.10, kamar yadda kowane gida ke da ƙofarsa. Amma wifi ba ya nisa. Ƴan mitoci ne, kuma katangar ƙasa mai kauri tana rage masa ƙarfi. Shi ya sa ake ajiye na'urar a ɗakin da ke tsakiyar gida, a bisa, ba a lungu ba.

Babbar magana a Damargu ita ce wuta. Ƙauyuka da yawa ba su da lantarki, inda ake da shi ma yakan ɗauke. Amma rana ba ta yi wa ƙasar rowa ba. Ga lissafin. Na'urar da faifanta suna cin kamar wat 6. A yini da kwana, watau awa 24, ya zama 6 sau 24, 144 ke nan. Farantin hasken rana mai wat 50, in ya sami rana mai ƙarfi ta awa 5, zai ba da 250. Ko an cire abin da ke salwanta a hanya, ya isa. Abin da ya rage yana shiga batir mai bolt 12, shi ke riƙe na'urar da dare. Tsakanin faranti da batir ana sa ɗan akwatin da ke hana batir cika fiye da kima. Har wa yau, ita na'urar bolt 5 take so. Wanda ya jona ta kai tsaye ga batir ya ƙone ta nan take. Dole a sa abin da ke rage ƙarfin wutar.

Rumbun hatsi yana da abokan gaba: gara, ɓera da gobara. Wannan ma yana da nasa. Na farko zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin Damargu kan wuce digiri 40 a inuwa, ita kuma na'urar tana fid da nata zafin. In cikinta ya kai wajen digiri 80 sai ta rage sauri don kada ta lalace. Ba a ajiye ta dab da rufin kwano, ba a kuma lulluɓe ta da tsumma, ko da an yi nufin alheri. Na biyu ƙura. Lokacin hunturu hazo na shiga ko'ina, ya toshe ƴan ramukan da iska ke bi. Akan goge farantin rana ma, don ƙura na rage masa ƙarfi.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa: faifai yana mutuwa. Yakan yi shekaru lafiya lau, wata rana ya ƙi tashi, ba sallama. Manomi mai hankali ba ya zuba iri da cimaka duka a rumbu guda. Haka nan ake sayen faifai na biyu. Kowane mako a kwafe abin da ke na farko a ciki, a cire shi, a kai shi wani ɗaki, ko ma gidan ɗan'uwa. Ajiyar da ke wuri ɗaya tak, ko a rumbun na'ura take, ba ta fi ta cikin salula tsira da yawa ba.

Akwai kuma ƙulli. Wifi ba ya tsayawa a bakin zaure, yana ƙetare katanga. In ba a sa kalmar sirri ba, mai wucewa zai iya leƙa takardun gida. Kowane ɗaki na faifan yana da tasa kalmar, don ƙane kada ya goge aikin yayarsa.

Bayan ajiya, rumbun yana iya zama ɗakin karatu. A shekarar 2007 aka fito da wata manhaja mai suna Kiwix, wadda ke sa a karanta Wikipedia ba tare da intanet ba. Akwai ta Faransanci, akwai ta Hausa. A shekarar 2012 wani shiri mai suna Afripedia ya kai ta jami'o'in ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, a cikin ƴan ƙananan na'urori masu watsa wifi. Irin wannan dabara ce gida ko makaranta za su iya yi a Gangara ko Olelewa. Yaro ya kama wifi da wayar babansa, ya nemi labarin tafkin Cadi ko yadda fara ke haihuwa, ya karanta da harsuna biyu.

Sai dai wannan ɗakin karatu ba ya sabunta kansa. Abin da aka zuba masa bara, shi za a tarar bana. In ana son sabo, sai wani ya ɗauki faifai ya tafi inda intanet ke da ƙarfi, Tanut ko Damagaram, ya sauko da sababbin littattafai, ya komo ya juye su a rumbu.