Renon ɗan kwikwiyo: Watanni huɗun farko da ke gyara karen gadi ko su ɓata shi

A sababbin unguwannin bayan gari na Kano da Kaduna da Abuja, inda gidaje ke tsirowa nesa da ofishin 'yan sanda, haushin kare ya zama abin da kunne ya saba da shi cikin dare. Magidanta da dama, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati waɗanda iyayensu ba su taɓa ajiye kare ba, yanzu suna cigiyar ɗan kwikwiyo saboda ɓarayi masu haura katanga. Lissafin da akasari ake yi ɗaya ne: a sayo shi yana ƙarami, a ɗaure shi a bayan gida, a riƙa zuba masa ragowar tuwo, bayan shekara ya zama dodo. Wannan lissafi shi ke kashe 'yan kwikwiyo tun ba su cika wata huɗu ba, waɗanda suka tsira kuma sukan tashi su fi zama barazana ga yaran gida da na maƙwabta fiye da ɓarawon da aka sayo su dominsa.

Ga Musulmi, tambayar farko ta addini ce. Hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito sun nuna cewa ladan mutum na raguwa kullum idan ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan ukun idan akwai buƙata ta gaskiya, har ma masu sharhin Risala na kawo labarin cewa marubucinta, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ya ajiye kare a lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron cutarwa. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar nan, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, duk da cewa ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Mai shakka sai ya nemi malaminsa. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, wanda ya tsare dabba ya hana ta nema wa kanta abinci, to ci da shanta da lafiyarta sun rataya a wuyansa, kuma kare kan rayu shekara 10 zuwa 13.

Kafin a biya kuɗi

Kuskuren farko a wurin saye ake yin sa. Masu sayarwa kan raba ɗan kwikwiyo da uwarsa yana da mako huɗu ko biyar don su huta da ciyarwa, mai saye kuma yana murna ya samu ƙarami wanda zai saba da shi. Likitocin dabbobi na ba da shawarar a bar shi sai ya cika mako takwas. A waɗannan makonni ne yake koyon iyakar cizo: idan ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi wajen wasa, wancan ya yi ƙara ya daina wasan, da haka yake gane cewa haƙori na da zafi. Wanda aka cire da wuri bai sami wannan darasi ba, a hannun yaran gida zai neme shi.

Yana da kyau mai saye ya je gidan da aka haifi kwikwiyon ya ga uwar da idonsa, maimakon ya karɓa a bakin titi daga cikin kwali. Ido mai kwantsa, tumbi kumburarre a kan ƙafafu sirara, dasashi fari fat da zawo a gindin wutsiya duk alamun ciwo ne.

Sai batun iri. Ido ya fi raja'a ga karnukan waje: German Shepherd da ake kira karen 'yan sanda, da Rottweiler, da Boerboel na Afirka ta Kudu, da Caucasian mai gashi kamar tunkiya. Wannan na ƙarshe asalinsa duwatsu ne masu dusar ƙanƙara, don haka ajiye shi a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin bazara ke haura digiri 40, azabtarwa ce sai ga mai halin sanyaya masa wuri. Boerboel da Rottweiler kuwa ƙarfinsu ya wuce a ce da su mutum zai fara koyon riƙon kare. Karen gida na gargajiya, irin wanda mafarauta ke fita da shi, ya fi jure zafi da kaska, cinsa bai kai nasu ba, kuma wajen jin motsi da sanar da mutanen gida, wanda shi ne ainihin aikin gadi, ba a bar shi a baya ba. Raini kawai ya sa ba a waiwayarsa.

Allurar da ba a tsallakewa

Ɗan kwikwiyo na samun kariyar farko daga dakashin uwarsa. Wannan kariya tana raguwa a hankali tsakanin mako shida da mako 16, kuma lokacin ƙarewarta ya bambanta daga wani kwikwiyon zuwa wani. Matuƙar tana da ƙarfi a jikinsa, tana iya hana allurar rigakafi kamawa. Shi ya sa ba a yin allurar sau ɗaya a ce an gama: ana farawa a mako shida zuwa takwas, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har ya kai wajen mako 16. Mai sayarwa da ya ce “an riga an yi masa allura” sau da yawa ta farkon yake nufi, idan ma an yi. A nemi katin da ke ɗauke da kwanan wata da sa hannun likita.

Babbar cutar da ake gudu a wannan tsakani ita ce wadda likitoci ke kira fabo. Takan fara da ƙin cin abinci da amai, sai gudawa mai jini da wari, cikin kwana biyu ko uku ruwan jiki ya ƙare. Ƙwayar cutar na iya zama a cikin ƙasa watanni, kuma tana shigowa gida a tafin takalmi. Wanda kwikwiyonsa ya mutu da irin wannan ciwo ya yi sauri ya sayo wani ya sa a keji ɗaya, sau da yawa asara biyu yake yi. Ruwan bilic ne ke kashe ta a kan siminti da kwanuka. Kafin allurai su kammala, ba a barin kwikwiyo ya taka inda karnukan titi ke kashi.

Maganin tsutsar ciki ana ba shi duk mako biyu har ya kai wata uku, sannan wata-wata har wata shida. Wannan ya shafi lafiyar yara ma, domin ƙwan tsutsar na fita a kashin kare ya zauna a ƙasar da suke wasa. Kaska da ƙuma kuma akwai magungunansu a wurin likita gwargwadon nauyin dabbar. Fesa masa fiya-fiya, ko shafa masa baƙin man mota don ƙazuwa, ko jefa masa ƙwayar ciwon jiki ta mutane, duk hanyoyi ne da ke kai kwikwiyo kushewa. Da damina a riƙa duba fatarsa: akwai ƙudan da ke yin ƙwai a ƙasa mai laimar fitsari, tsutsarsa ta huda fata ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya.

A wata uku ake yin allurar haukan kare, a riƙa sabunta ta duk shekara. Wannan ita ce allurar da ta shafi ran ɗan Adam kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, na cikin masu samar da allurar karnuka a Najeriya, kuma ana samun ta a asibitocin dabbobi na jihohi da na jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ke Zariya. A ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, wasu asibitocin kan yi ta kyauta.

Abinci da makwanci

Cikin kwikwiyo ƙarami ne, girmansa kuma sauri yake yi, saboda haka sau huɗu yake ci a rana har wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu. Tuwo ko shinkafa zalla na cika ciki amma ba sa gina ƙashi. Sai an haɗa da kifi ko dafaffen ƙwai ko nama, idan ba a da halin abincin kanti da aka yi don 'yan kwikwiyo. Miyar gida ba tasa ba ce, domin albasa da tafarnuwa na lalata jinin kare. Goro da cakulan da inabi guba ne a gare shi. Dafaffen ƙashin kaza kan tsage ya soki hanji, madarar shanu kuma takan sa da yawansu zawo. Ruwa mai tsabta kada ya yanke a gabansa.

Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Kejin kwano da aka kafa a tsakar rana tanda ce a watan Afrilu. A nema masa inuwa da iska, da hunturu kuma a shimfiɗa masa buhu ko tsumma.

Horon da ke fitar da mai gadi

Nan ne ra'ayin da ya yaɗu ya fi yin ɓarna. Ana cewa idan ana son kare ya yi zafi, a ɓoye shi kada ya ga mutane, a ɗaure shi da sarƙa, a bar shi da yunwa, wasu har barkono suke zuba masa a abinci. Abin da wannan ke haifarwa kare ne matsoraci, kuma matsoracin kare ne ya fi cizo, domin bai san bambancin ɓarawo da almajirin da ya zo karɓar abinci ba. Duk wanda ba mai ba shi tuwo ba abokin gaba ne a wurinsa. Ranar da sarƙa ta tsinke, wanda ya fi kusa shi zai kama, kuma galibi yaro ne.

Masana halayyar dabbobi sun nuna cewa daga mako uku zuwa wajen mako 14 ne ƙwaƙwalwar kwikwiyo ke karɓar sabon abu ba tare da tsoro ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A cikin waɗannan makonni ya kamata ya ga duk wanda ke shiga gidan da izini: yara, da ɗan garuwa, da mai wanki, da mata masu hijabi, da maza masu babbar riga. Ya ji ƙarar janareta da babur, ya ga kaji da awaki a hana shi bin su. Tun da alluransa ba su kammala ba, a cikin gida ake yin wannan, ko a fita da shi a hannu. Wannan sabo ba ya kashe gadi. Kishin gida halitta ce da ke fitowa da kanta idan kare ya balaga, tsakanin shekara ɗaya da biyu, kuma karen da ya san yadda rana ta yau da kullum take a gidansu shi ke gane abin da ya saɓa mata da ƙarfe biyun dare.

Koyar da wurin bahaya haƙuri kawai yake so. A kai shi wuri guda da zarar ya farka, da bayan ya ci, da bayan wasa. Yana gamawa a yaba masa a ba shi ɗan abin taɓawa nan take. Kare na danganta sakamako ne da abin da ya yi a daƙiƙun da suka gabata, don haka dukansa a kan fitsarin da ya yi awa guda da ta wuce ba ya koya masa komai sai gudun mai gida.

Umarni uku sun isa a fara da su: zo, zauna, bari. Minti biyar sau biyu ko uku a rana ya fi awa guda a ranar Asabar. Wasu na ɗauka sai da Turanci kare ke jin magana. Sauti yake riƙewa, Hausa ma ta wadatar, muddin kowa a gidan kalma ɗaya yake amfani da ita. Idan maigida ya hana shi shiga falo yara kuma suna shigar da shi bayan ya fita kasuwa, dokar ba za ta zauna ba. Daga wata uku zuwa bakwai yana famfara, dasashi na yi masa ƙaiƙayi, takalman da aka tuɓe a bakin ƙofa su ne abin taunarsa na farko. A ɗauke su, a ba shi igiya mai kauri. Su ma yara a koya musu kada su ja masa wutsiya, kada su taɓa shi yana ci ko yana barci, kuma ba a barin ƙaramin yaro da kare su kaɗai komai sabonsu.

Mai zaman haya ko gidan da ake tarayya da wasu ya fara shawara da maƙwabta tukuna. Karen da ke kwana haushi don kaɗaici ko yake fita layi da dare ya sha raba zumunci, wani lokaci har gaban alƙali.

Idan cizo ya auku, ko da na kwikwiyo ne, ko yakushi ne da ya fasa fata, abin yi na farko shi ne wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar, ba a tsaya shafe-shafen gargajiya ba. Cutar haukan kare kan kwanta a jiki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, kuma da zarar alamunta sun bayyana kusan babu mai tashi. Allurar da ake yi wa mutum bayan cizo tana aiki ne kafin nan. Karen da ya yi cizon kuma ba a gaggauta kashe shi a jefar. A killace shi likitan dabbobi ya sa masa ido kwana 10, idan kuma ya mutu ko dole ta sa an kashe shi, a sanar da likitan domin a aika kansa ɗakin gwaji. A asibiti za a tambayi ranar da aka yi wa karen allura ta ƙarshe, saboda haka katinsa ya zauna inda kowa a gidan ya sani.