Shekarar farko a jami'a: Wa ke riƙe hannun ɗalibi bayan motar gida ta juya?

Duk lokacin da jami'o'in gwamnatin tarayya suka buɗe sabuwar shekarar karatu, akwai abin da ke maimaita kansa a ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, da ta Bayero a Kano, da sauran irinsu. Mota ce za ta iso da hantsi, ta taso tun asuba daga Kubwa ko Lugbe ko Karu, an cika bayanta da katifa da bokiti da risho da kwalin taliya. Uban ya nemi izinin kwana ɗaya a ofis. Zai bi ɗansa layin tantance takardu, ya leƙa ɗakin kwana idan an dace an samu, sannan kafin ya tada mota ya yi masa nasihar da shi ma aka yi masa shekaru talatin da suka wuce: karatu ya kawo ka, ka riƙe ibadarka, kada in ji ka shiga wata ƙungiya.

Nasihar ba ta rasa dalili ba. Iyayen da suka yi jami'a a shekarun 1980 da 1990 sun ga ɓarnar da ƙungiyoyin asiri suka yi, kuma har yau sababbin ɗalibai na rantsuwa ranar bikin shigar da su cewa ba za su kusance su ba. Sai dai yaron da ya ɗauki maganar mahaifinsa yadda take, ya kulle kansa tsakanin ɗaki da aji, shi ma yana cikin haɗari, domin rashin wanda za a tambaya na kayar da sababbin ɗalibai fiye da yadda iyaye ke zato.

Yaron nan shekararsa 16 ko 17. Ya fito daga makarantar da malamin aji ya san sunansa, idan ya yi fashin kwana biyu a kira gida. Yanzu ga shi a zauren lakca tare da ɗaruruwan mutane, wani lokaci a tsaye a bakin taga, yana ƙoƙarin jin muryar lakcara. Idan ya yi mako bai zo ba, babu wanda zai lura. Tsofaffin ɗalibai na kiransa jambito, suna ganewa daga yadda yake rungume da fayil ɗin takardunsa yana tambayar hanya.

Lissafin da ba a gaya wa jambito

Mafi yawan jami'o'in Najeriya na auna ɗalibi da ma'auni mai maki biyar. Wanda ya ci 70 zuwa sama a kwas ya samu A, maki biyar ke nan. 60 zuwa 69 maki huɗu. Haka ake sauka har zuwa faɗuwa, wadda ba ta da ko ɗaya. Ana haɗa waɗannan bisa nauyin kowane kwas a fitar da matsakaicin da ake kira CGPA, kuma shi ke bin ɗalibi daga zangon farko har ranar yaye shi. Digiri mai daraja ta ɗaya na farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu daga 3.50.

A ɗauki karatu na shekara huɗu, nauyin darussa daidai a kowace shekara. Wanda ya gama shekarar farko da 2.00, sai ya riƙe 4.00 a kowace ɗaya daga cikin shekaru ukun da suka rage kafin ya kai 3.50. Daraja ta ɗaya kuwa ta riga ta kuɓuce masa, domin ko A ya ci a kowane kwas har ya gama, a 4.25 zai tsaya. Ma'aikacin da ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar aiki, ko ya karanta sharuɗɗan neman tallafin ƙaro karatu, ya san yadda layin da ke tsakanin 3.49 da 3.50 ke raba takardun masu nema gida biyu.

Abin takaicin shi ne, abubuwan da ke jawo wannan 2.00 ba kasafai suke da alaƙa da rashin ƙoƙari ba. Wani ya yi rajistar kwas ba daidai ba. Wani bai san cewa gwaje-gwajen cikin zango na ɗauke da maki 30 ko 40 cikin ɗari ba, ya bar ɗaya ya wuce shi. Wani bai ji dokar halartar kashi 75 cikin ɗari na lakcoci ba sai ana gab da jarrabawa. Wani ya raina darussan gama-gari na GST, su kuma suka biyo shi shekara ta biyu. Duk waɗannan na rubuce a kundin ɗalibai da ake rabawa lokacin rajista, wanda yawanci a ƙasan akwati yake ƙarewa. Ɗalibin aji uku zai iya bayyana su cikin minti goma, idan akwai inda za a haɗu da shi.

Inda ake haɗuwa

Wurin haɗuwar nan, a aikace, ƙungiya ce. Ta farko ita ce ta sashen da ɗalibi ke karatu, wadda ke ajiye tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ta kuma san halin kowane lakcara. Sai ƙungiyoyin addini. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya, MSSN, wadda aka kafa a Legas a 1954, da takwarorinta na Kirista irin su FCS da NFCS, sun daɗe suna shirya wa sababbi taron wayar da kai da darussan bita kyauta, musamman a lissafi da kimiyyar sinadarai da fiziks, inda 'yan shekarar farko suka fi tuntuɓe. Akwai kuma ƙungiyoyin 'yan jiha, waɗanda ta bakinsu ake fara jin labarin tallafin karatu na jihohi. Ga yaron da aka haifa a Abuja, wanda bai san jiharsa ba sai lokacin Sallah ko Kirsimeti da kuma a takardar shaidar asali, zama a irin wannan taro kan zama karo na farko da zai ji yaren iyayensa a bakin tsararsa.

Bayan waɗannan akwai masu koyar da aiki. Tsangayoyin shari'a da dama, har da na Jami'ar Abuja, na da cibiyar da ɗalibai ke taimaka wa marasa galihu da shawarar lauya ƙarƙashin kulawar malamai. Jami'ar Bayero na da gidan rediyonta. Akwai Enactus mai koyar da tsara sana'a, da ƙungiyoyin muhawara da na 'yan jarida da na agaji. A nan ne ɗalibi ke fara rubuta wasiƙar neman izini, ya riƙe asusu, ya tsaya gaban mutane ya yi magana, ya ga yadda taron da aka shirya wata guda ke rushewa saboda ba a biya kuɗin janareta ba.

Tarihin Zariya ma shaida ne. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane, domin ba su gamsu da a koya musu zane irin na Turawa kaɗai ba. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ƙungiyar ba ta wuce 'yan shekaru ba, amma ba a ba da tarihin zanen Najeriya na zamani ba tare da ambaton sunayensu ba.

Bambance ta gari da ta banza ba shi da wuya kamar yadda ake tsoro. Ta gari na da rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai, tana da malamin da ke sa ido a kanta, tana taro a fili a lokacin da kowa ya sani, ba ta neman rantsuwa ko ɓoye sirri. Ita ma tana iya cinye lokaci, musamman siyasar ɗalibai, wadda ta cinye digirin mutane da yawa. Ɗaya ko biyu sun ishi ɗan shekarar farko.

Babban mutum da ɗan aji uku

Ma'aikatan Abuja na da wata al'ada: a nemi lambar wani farfesa ko babban jami'in makarantar, a kira a ce ga yaronmu nan amana. Kiran na da amfani ranar da aka shiga matsala babba. Amma farfesan na da taron majalisar jami'a da ɗaliban digirin digirgir, ba zai zauna ya duba takardar rajistar jambito ba, yaron kuma nauyinsa yake ji. Mutanen da za su amfane shi yau da gobe sun fi haka kusa: malamin da sashe ya naɗa ya kula da 'yan ajinsu, wanda sa hannunsa ke kan takardar rajista, da ɗalibi mai natsuwa da ya riga shi da shekara biyu a kwas ɗin. Jami'o'i da yawa na da cibiyar ba da shawara, amma ɗalibai na ƙyamar zuwa don kada a ce suna da matsala.

Ga 'ya'ya mata, maganar mai jagora na buƙatar ƙarin ido. Binciken da BBC ta fitar a 2019 kan malaman da ke neman ɗalibai mata don ba su maki ya nuna yadda lamarin kan fara da tayin taimako da kulawa. Jagorancin da ya dace a ofis ake yinsa da rana, kuma yarinyar ba ta jin nauyin gaya wa mahaifiyarta yadda aka yi.

Kwas ɗin da ba shi aka nema ba

A 2024 kusan mutum miliyan biyu suka yi rajistar jarrabawar JAMB. Guraben likitanci da na shari'a kuwa a ƙayyade suke, domin hukumomin da ke kula da waɗannan sana'o'i ne ke yanke wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka. Saboda haka dubban yara ke shiga aji ɗaya da kwas ɗin da ba su nema ba: an nemi likitanci an samu nazarin halittu, an nemi shari'a an samu tarihi. Da yawa sukan yi shekarar farko suna fushi da kwas ɗin, suna shirin sake jarrabawa, har su lalata makin da zai ba su damar neman canji a cikin jami'ar, tunda inda ake yarda da canjin sashe sakamako mai kyau ake dubawa.

Wani lokaci ma wanda ya samu abin da ya nema shi ke gano ba nasa ba ne. Chinua Achebe ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 da tallafin karatun likita. Bayan shekara ɗaya ya koma Ingilishi da tarihi da nazarin addini, ya rasa tallafin, 'yan'uwa suka taimaka wajen ɗaukar nauyinsa. Rubuce-rubucensa na farko a jaridar ɗalibai ta kwalejin suka fito, wadda daga baya ya zama editanta.

Tsarin jami'a ba ya gaggawar nuna wa ɗalibi yadda aiki yake. Shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973, sai an yi nisa a karatu ake zuwa, kuma ba kowane kwas ya shafa ba. A nan iyayen da ke aiki a Abuja ke da abin da wasu ba su da shi. Cikin abokan aikinsu da maƙwabtansu akwai mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje na NAFDAC, da masanin yanayi a NiMet, da mai ƙididdiga, da magatakardan kotu. Mako biyu na hutu da yaro zai yi yana bin ɗaya daga cikinsu, da izinin ofis, zai nuna masa inda nazarin halittu ko tarihi ke kai mutum fiye da duk wata lakca. Mai sha'awar akanta kuma na iya fara jarrabawar ATSWA ta ICAN da sakamakon sakandare, tun yana aji ɗaya.

Ta fuskar kuɗi an ɗan samu sauƙi, domin tun watan Mayun 2024 asusun NELFUND ke karɓar buƙatun bashin karatu, wanda ya haɗa da kuɗin makaranta da Naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Kuɗin ne ma ya fi cika hirar waya tsakanin gida da makaranta: abinci ya ƙare, an tura, Allah ya yi albarka. Ba kasafai uba ke tambayar sunan malamin da ke kula da ajin ɗansa ba, ko kwas nawa ya yi wa rajista, ko da wa yake bita da dare. A jami'o'i da yawa sakamakon zangon farko ba ya fitowa sai an yi nisa cikin na biyu, lokacin an rufe rajista, an yi gwajin farko, yaron kuma ya maimaita duk abin da ya yi a baya yana zaton daidai ne.